Ƙarƙashin Teburin Surukata

Na yi shekaru da auren matata ban taɓa tsallake dokin ƙofar mahaifiyarta ba. Idan na je gaisuwa gidansu a unguwar Nima da ke Akara, tun daga nesa nake cire takalmi, in tsuguna a bakin labule ina duban siminti. Ita kuma daga ciki take amsawa, kuma ba da ni take magana ba. "Ki ce wa Malam an gode," haka take ce wa 'yarta, alhali ina jin motsin carbinta ta bayan labulen. Abokaina 'yan zango, haifaffun Akara, suna yi mini dariya, wai wannan kunyar ta mutanen da ce, yanzu suruki da suruka a kwano ɗaya suke cin shinkafa da wake. Amma surukata Mma, Allah ya jiƙanta, tana amarya aka kawo ta Akara daga Nijar, kuma da kunyarta ta zo cikakkiya, duk hayaniyar Nima ba ta rage mata komai ba. Ni ma, in faɗi gaskiya, abin ya yi mini daidai. Mutum ne ni mai saurin gumi a gaban manya, labulen nan rufin asiri ne a gare ni.

Kunyar da take yi mini ma wasa ce a kan wadda take yi wa ɗanta na fari, yayan matata. Matata ta ce tun da ta yi wayo ba ta taɓa jin Mma ta kira sunansa ba. Kakarsu ce ta raine shi a ɗakin da ke kusa da nata. In ya kwanta ciwo, sai Mma ta dama kunu ta ba wata ta kai masa, ta ce wai saura ya yi. Ranar da zai tafi Italiya neman abinci gida ya cika da masu rakiya, ita kuwa tana can kusurwar tsakar gida tana goge gindin tukunya. Daga ranar sunansa ya koma "wanda ya tafi". Bai samu takardun zama ba, in ya zo gida ba zai iya komawa ba, ga shi guminsa ne ke riƙe da rabin gidan. Haka shekaru suka yi ta tafiya, murya kawai ake ji a waya.

Shi ne ya aiko da kwamfutar, irin ta tebur, tsohuwa amma mai ƙwari, da allo babba kamar na talabijin. Ya ce wai don yara su koyi karatu. Kowa ya san ba don yara ba ne. A ɗakin Mma aka ajiye ta, don shi ne ɗakin da rufinsa ba ya yoyo kuma ƙofarsa na da makulli. Ta zauna nan a lulluɓe da tsohon mayafi, ba ta da hanyar kama intanet, babu kuma wanda ya damu.

Wata rana da yamma matata ta dawo daga asibiti da Mma, ta zauna a bakin gado ba ta ko cire ɗankwali ba. Ta yi mini magana da Hausar Nima, wadda mace da namiji duk "ya" ne a cikinta.

"Likita ya ce idon Mma na mutuwa. Ya ce ciwon daga gefe yake ci, yana shigowa ciki. Magani rage mishi gudu kawai yake yi. Ina so ya ga ɗan shi kafin idon ya rufe."

"To ai ga waya," na ce.

"Waya? Fuskar mutum a waya kamar kwabo. Kuma ka taɓa ganin Mma ya riƙe waya yana kallon ɗan fari? Kai ne ka san kwamfuta. Ka je ka haɗa shi."

Sanin kwamfutar da ake faɗa, ni malamin firamare ne, kuma ni nake buga tambayoyin jarrabawa a makarantarmu. Wannan ya isa ya mai da ni injiniyan dangi. Ƙanwar matata tana da shagon ɗinki a ɗaya gefen lungun da ke bayan tagar Mma, kuma tana da na'urar raba intanet a shagon. Abin da ya rage shi ne kwamfutar ta iya kamawa ba tare da an ja waya ba. Na sayo adafta, wani ɗan abu baƙi bai kai babban yatsa ba, wanda ake cusawa a ramin USB, yana da 'yar fitila shuɗiya mai ƙyaftawa in ya kama.

Ranar da na shiga ɗakin Mma a karo na farko, na sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Kuskuren farko ke nan. Akwatin kwamfutar yana ƙarƙashin tebur, ramukan da suka fi ƙarfi kuma suna bayansa, wajen bango. Babu yadda ɗan Adam zai shiga ƙarƙashin tebur bai juya wa wani baya ba, kuma wanda ke bayana a ɗakin nan surukata ce, tana zaune a bakin gado. Na tattara babbar rigar, na durƙusa, na yi rarrafe na shige. Ɗakin na ƙamshin turaren wuta da goro, ni kuwa gumi ya jiƙa mini wuya. Da fitilar ta kama, don in kore shirun da ya yi mini nauyi, sai na ce wa matata daga can ƙarƙashin tebur:

"Kin ga wannan ɗan abin? Ta cikinsa yayanki zai shigo. In babu shi, kwamfutar nan akwati ce kawai."

Na fito da baya-baya na yi sallama.

An tsayar da Lahadi bayan la'asar, lokacin da wanda ya tafi yake hutun aiki. Lahadin farko abin ya tafi sumul. Fuskarsa ta cika allo, ɗaki ya ɓarke da ihu, ƙanne da jikoki da maƙwabta kowa na turo kai. Mma tana bakin gado da faifan wake a cinya, ta juya wa allon gefenta tana tsinta, kamar ba da ita ake ba. Da ya ce a gaishe ta, ta ce, "Ku ce ana amsawa." Na koma gida ina jin kaina, har ina yi wa matata gorin aikina. Sai na ga hawaye a fuskarta.

"Bai gan shi ba," ta ce. "Da can da gefen ido yake satar kallon shi. Yanzu gefen babu komai. Sai ya juyo ya kalle shi sosai, kuma ba zai yi haka a gaban mutane ba."

Muka shirya dabara. Lahadi mai zuwa, da zarar an gama gaisawa, kowa zai nemi dalili ya fita, a ja mata ƙofa. Abin da ake buƙata a wurina guda ɗaya ne, kiran ya tsaya har a gama gaishe-gaishen, ya kuma ci gaba da tsayuwa bayan an fita.

Daga wannan Lahadin adafta ta fara halinta. Fuskarsa za ta fito, a yi "ina wuni", a yi "yaya aiki", kafin a kai ga gaisuwar ƙanwa ta biyu sai hoton ya daskare, bakinsa a buɗe, fitilar shuɗiya ta mutu. In na taɓa ta sai ta dawo, in na saki sai ta tafi. Wani lokaci kwamfutar ta yi ɗan ƙaran nan na cewa an cire abu, alhali babu wanda ya matsa kusa. Gaisuwar gidan surukaina kuwa ba a gajarta ta, sai an tambayi sanyi da aiki da abokan zama da ciwon bayan da ya yi tun bara. Kowace Lahadi a tsakiyar gaisuwa muke mutuwa. Mma ta ci gaba da tsintar wakenta, ni kuma ina ƙarƙashin tebur, ƙafafuna a waje, dangi duka suna kallon tafin ƙafata.

Na shiga zuwa gidan a ranakun mako bayan an tashi makaranta. In na yi sallama a bakin labule, Mma takan ce, "A ɗan dakata." Sai in tsaya ina jin motsi a ciki, na ɗauka mayafi take nema. Ba abin da ban gwada ba. Na kashe na kunna. Na sauya rami, daga baya zuwa gaba, daga gaba zuwa baya. Na sauko da sabuwar manhajar da ke tafiyar da adaftar, na goge tsohuwar. Na karanta cewa kwamfuta kan yanke wa ramukan USB wuta don tattali, na shiga na hana ta. Na zargi zafi, na ɗage mayafin da aka lulluɓe ta da shi. Na zargi wutar lantarki mai zuwa da ɗaukewa, na zargi kwanon rufi, har na zargi kabad ɗin Mma mai cike da kwanukan ƙarfe na aurenta, amma wa zai ce wa surukarsa ta matsar da kwanukanta? Duk gyaran da na yi, a gabana abin zai zauna lafiya, in tafi da murna. Ranar Lahadi sai mu koma gidan jiya.

Daga baya na cire adaftar na tafi da ita Sakul, babbar mahaɗar motocin nan inda masu waya da kwamfuta suke baje koli. Wanda ya sayar mini ya karɓa, ya hura mata iska, ya goga ta a rigarsa, ya cusa a tasa kwamfutar. Ta kama nan take, ta zauna daram muna kallo.

"Masta, abin ka na aiki paa, lafiyar shi ƙalau," ya ce. "Matsalar na gidan ku."

Na tsaya sayen littattafan makaranta, ban koma Nima ba sai washegari. Matata ta ce Mma ta tambaye ta ba sau ɗaya ba ko Malam ya dawo da abin mutane. Na ɗauka tsoron ɓatan kayan wanda ya tafi take yi.

Da na yarda cewa matsalar ta gida ce, sai na fara lura. In na bar adaftar a ramin sama, sai in tarar da ita a na ƙasa. Wata rana na tarar rabinta ne kawai ya shiga. Ramukan ma sun fara sako-sako, kamar an yi ta tura abu cikinsu da ƙarfi a karkace. Ruwa ba ya tsami banza. Gidan haya ne mai yara da yawa, na yanke hukunci a raina cewa su ne.

Lahadin da ta biyo, kiran ya mutu tun kafin ya gama amsa sallama. Wani maƙwabci ya ce da dariya ko a kira wanda ya sani. Raina ya ɓaci, na fito tsakar gida, na tara yaran, na buɗe muryar aji.

"Duk wanda ke taɓa ɗan abin nan a cikinku, ya sani shi ke hana Mma ganin ɗanta! Baiwar Allah tana son ganin ɗanta kafin idonta ya rufe, ku kuna wasa!"

Wata mata da ke daka ta tsayar da taɓarya a sama. Matata ta dafe baki. Abin da gidan nan ya yi shekaru yana zagayawa a hankali, ni na ɗauke shi na ajiye a tsakar gida da rana tsaka, har da zancen makanta. Sai muryar Mma ta fito daga bayan labule, a sanyaye.

"Ki ce wa Malam ni ban aiki kowa ba. Wanda ya tafi ya san hanyar gida."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Magana zarar bunu ce, ba ta komawa. Na fita daga gidan da takalmina a hannu, sai da na kai bakin titi na tuna ban sa ba. A daren nan ban ci tuwo ba, matata ma ba ta ce in ci ba.

Duk da haka aiki bai ƙare ba, ido kuma ba ya jiran kunyar kowa. Na koma da baƙin salatif irin na masu gyaran wuta, na naɗe adaftar da jikin kwamfutar tam, yadda ko ɗan fashi sai ya sha wuya. Bayan kwana kaɗan na dawo dubawa. Na yi sallama, aka ce a ɗan dakata. Wannan karon dakatawar ta yi tsawo. Na ji tebur ya yi ƙara, na ji nishi, sannan aka ce a shigo. Matata ta raka ni ciki, ta ɗauki buta ta fita ɗebo wa Mma ruwan alwala.

Na shige ƙarƙashin tebur. An ɓare salatif ɗin an mayar da shi a karkace, rabinsa na lilo. Na zaro adaftar na haska bakinta da fitilar wayata. Akwai wani abu a ciki. Na buga ta a tafin hannuna, sai wasu 'yan ɓarɓashi ja-ja suka zubo, da wani ɗan zare shuɗi. Na kai hanci. Goro ne.

Mutum ɗaya ne ke cin goro a gidan nan, kuma kowa ya san inda take ƙulle shi, a haɓar zaninta.

Ina durƙushe a wurin komai ya dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Ni da bakina na ce ta cikin ɗan abin nan zai shigo, in babu shi babu komai. A gidan haya kuma ƙaramin abu ba ya daɗewa. Ashe duk lokacin da muka watse, sai ta ja ƙofa ta shiga ƙarƙashin teburin nan ta zaro shi, ta ƙulle tare da goronta, ta kwana da shi a jikinta. In ta ji sallamata ko taron Lahadi ya kusa, sai ta sake shiga ta laluba da yatsa ta tura shi duk ramin da ta samu. Matar da ciwon gwiwa ya sa take salla a kan kujera. Dakatawar da nake yi a bakin labule ina gyara hula, ashe ita tana rarrafe ne inda nake yanzu. Ni kuma na zo na ƙara mata salatif.

Ban san lokacin da na ɗago kai ba. Mma ta juyo gaba ɗaya tana fuskantata, don ta haka kaɗai take gani yanzu. A karo na farko tun da na auri 'yarta muka haɗa ido. Ta dubi hannuna da ɓarɓashin goron a kai. Na dunƙule hannun. Na ji kamar na buɗe mata labule tana sa kaya. Sai ta mai da fuskarta ga bango.

"Ɓeraye sun yi yawa a ɗakin nan," ta ce. "Ƙaramin abu ba ya kwana."

"Haka ne, Mma," na ce. "Sun yi yawa ƙwarai."

Wannan ce magana ta farko da ta taɓa shiga tsakaninmu ba ɗan aike. Matata ta dawo da buta ta same ni ina ta goge adaftar da haɓar rigata. Ban gaya mata komai ba, ba a ranar ba, ba kuma daga baya ba.

Na koma Sakul na sayo doguwar waya irin wadda ake ƙara wa ramin USB tsawo. Na share bakin adaftar da tsinken sakace da tsohon buroshi har ya yi fes. Kan wayar ɗaya na cusa a ramin da bai lalace ba, na naɗe da salatif. Ɗaya kan na bi da shi ta gindin bango na kawo shi bakin tagar da ke kan gadon Mma, daidai inda hannu zai kai daga zaune. Na kuma zo da wani ɗan gwangwanin man shafawa da na wanke na shanya. Sannan na gyara murya na yi wa matata bayani, da ƙarfin da za a ji daga bakin gado.

"Na gano matsalar. Irin wannan adaftar ba ta son kwana a jikin kwamfuta, gajiya take yi. In an gama kira sai a zare ta a nan, a sa ta a gwangwanin nan a rufe don kada ƙura ta shiga, a ba wani babba ya ajiye."

Ƙarya ce tsagwaronta, kuma matata ta dube ni kamar za ta ce wani abu. Mma ta riga ta.

"Ki ce wa Malam in an rasa mai ajiyewa a kawo. Ba nauyi gare shi ba."

Lahadi ta zo. Da safe aka yi ruwa mai ƙarfi, shagon ɗinkin ya yi yoyo, ƙanwar matata ta ɗauke na'urar intanet ɗin ta mai da ita can ƙuryar shago, ta kulle ta tafi biki wata unguwa mai nisa da makullin. A bakin taga adaftar ta kama, amma da ƙyar, tana kamawa tana saki. Tagar na da sandunan ƙarfe da ragar sauro. Na zura wayar ta inda ragar ta yage, na zagaya lungu, na ɗaga adaftar sama da kaina. Matata ta leƙo ta ce ya cika, ya kama sosai. Na sauke hannu kaɗan, ta ce ya ragu. Na waiga neman ƙusa ko sanda da zan ɗaura ta a kai, sai na ji ƙarar kira ta shigo.

Haka na tsaya a lungun, ƙafa ɗaya a kowane gefen kwata, ruwan sama na gudu a ƙarƙashina da duk abin da ya kwaso, bayana ga taga, hannun dama a sama, na hagu riƙe da ƙarfen tagar don kada in zame. Wata mai ƙosai da na koyar da 'ya'yanta ta zo wucewa da tire a kai, ta tsaya ta ƙare mini kallo.

"Ticha, yau kai aka sa ɗaga hannu? Wane laifi ka yi?"

Na yi mata murmushin dole. Ta tafi tana dariya, tana gaya wa na gaba.

A ciki gaisuwa ta kankama, kuma a karo na farko cikin makonni ta kai ƙarshe. An tambayi sanyi, an tambayi aiki, an tambayi ciwon baya. Sai na ji matata ta ce tuwonta na ƙonewa. Wata ta ce ta bar yaro a wanka. Aka kore jikoki. Takalma suka yi ta fita, ƙofa ta rufu. A lokacin ne na gane inda dabararmu ta yi gibi. An fitar da kowa, an manta da ni, kaina kuma yana daidai tagar, tsakanina da gadonta ragar sauro ce kawai.

Na ji an ajiye faifai. Na ji ana jan kujera a kan siminti a hankali, ana tsayawa, ana sake ja. Sannan shiru mai tsawo, har na ji tsoron ko kiran ya yanke, na ɗaga ido na ga fitilar shuɗiya na nan tana ƙyaftawa.

"Mma," ya ce daga can, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Sai ta kira sunansa. Sunan yanka, cikakke, yadda liman ya faɗe shi ranar suna. Ta faɗe shi a hankali, kamar mai taka dutse a tsakiyar rafi. Ta sake faɗa.

"Ɗago kanka," ta ce. "Matso kusa. Ashe ka yi furfura."

Na ji babban mutum ya fashe da kuka a wata ƙasa. Na so in gudu. In na motsa kiran zai yanke, in na toshe kunne da hannun hagu zan faɗa kwata. Na runtse ido, na shiga karanta duk surar da ta zo bakina a zuci don in rufe jina, amma kunne ba shi da marfi. Abin da suka faɗa bayan wannan ba nawa ba ne, ba zan rubuta shi ba. Kafaɗata ta fara zafi, zafin ya koma wuta, daga baya hannun ya mutu gaba ɗaya, sai da na riƙa duba shi don in tabbatar yana sama. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan yammacin ba, ban kuma taɓa roƙon Allah kada abu ya yanke kamar yadda na roƙa ba.

Bai yanke ba. Su da kansu suka yi sallama, ta sa masa albarka, ɗakin ya yi shiru. Ni kuwa na rasa yadda zan yi. In na sauke hannu wayar za ta motsa a taga, ta san akwai mutum. Na ci gaba da tsayuwa ina jiran wani ya shigo ɗakin ya yi surutu in sulale. Na ji an ja kujera, na ji gado ya yi ƙara daf da bayana.

"Sauke hannunka, ɗana," ta ce. "Ka gaji."

Hannun ya ƙi saukowa, sai da na kamo shi da ɗayan. Na haura gefe ɗaya na tsuguna a gindin tagar, cikin taɓon lungu, yadda nake tsugunawa a bakin labulenta.

"To, Mma," na ce.

Wayar ta fara ja da baya ta cikin ragar a hankali har adaftar ta shige. Na ji marfin gwangwani ya rufu.

Idon bai kai azumin da ya biyo ba. Amma a ranar, muna tafiya gida a ƙafa, wandona duk taɓo, matata ta tambaye ni.

"Ya gan shi?"

"Ta gan shi."

"Me ya ce mishi?"

"Ban ji ba," na ce. "Injin niƙan nan na bakin lungu ya cika mini kunne."

Ta dube ni, ta karɓi jakata ta rataya don ta ga hannun bai dawo daidai ba. Mai injin niƙan ba ya buɗewa ranar Lahadi, ita ma ta san haka. Ba ta sake tambaya ba.